Mazaunin Suleja

Saura kaɗan Tayyiba ta juya gida daga bakin ƙofar kotun. Ita da ko mai unguwa ba ta iya haɗa ido da shi, yau ga ta za ta tsaya gaban magatakarda. Amma ƙanenta Khamis kwanansa tara a tsare, tun rigimar tashar masu Keke da aka kwashe har da shi, ga shi mai ciwon sikila. Jiya da ta kai masa abinci, idanunsa sun yi ɗorawa, cokali ma ya kasa riƙewa.

Alƙali ya ba da beli, da sharaɗin mai tsaya masa ya zama mazaunin Suleja.

"Ni zan tsaya masa," ta ce, murya can ƙasa, ta miƙa katin zaɓenta.

Magatakardan ya juya katin. "Baiwar Allah, nan Funtuwa na gani."

"Can muka yi, Yallaɓai. Duk zaɓe gida muke tafiya. Amma shekarata takwas a Kurmin Sarki."

"Akwai takardar wuta da sunanki?"

"Sunan mai gidan ne a kai."

"To, a wurinmu mazauni shi ne wanda takarda ta nuna nan yake. In yaron ya gudu, ke ma kika ɗaure kayanki, ina zan gan ki?"

"Wanda ko tsayuwa ba ya iyawa, ina zai gudu?"

"Ba ni na rubuta ba. Gobe Juma'a, sha biyu muke tashi. In ba a samu ba, sai Litinin."

Litinin! Tayyiba ta karɓi katinta, ta fita.

Ta kira mai gidan da suke haya a Abuja, ya ce shi ba ya shiga sha'anin kotu. Mijinta yana hanyar Legas da tirela, shi ma katinsa na Funtuwa ne. Ta bi ɗakunan gidan hayar ɗaya bayan ɗaya: 'yan Gusau, 'yan Zariya, 'yan Bichi. Kowa da tausayi, ba mai takarda.

Mutum ɗaya ta rage a layin: Nwamaka mai injin markaɗe, wadda aka haifa a gidan da take ciki. Shekara takwas Tayyiba na kai mata tattasai, ba su taɓa wuce gaisuwa ba. Da wane baki za ta roƙe ta?

Washegari da safe ta tafi hannu ba bokiti.

"Maman Jannatu, yau ba markaɗe?" in ji Nwamaka.

Tayyiba ta durƙusa, ta faɗi komai.

Nwamaka ta kashe injin. "Khamis mai kai ni kasuwa? Kwana goma, kina zuwa nan kina ce min ina kwana? Kai, matar nan! Tashi, bari in ɗauko takardar gida."

Tayyiba ta miƙe, ta fita titi da gudu, ta ɗaga murya ta tsayar musu da Keke.