Kwanon Ɗan Kwikwiyon Auta

Auta ta fito daga asibiti kamar tsinken tsintsiya. Zazzaɓin ya sake ta, amma abinci ya fita ranta, in an kai mata cokali baki sai ta juya wa mutum ƙeya. Likita ya ce in ba ta fara ci ba, gadonta na nan yana jiran ta. Ni gwaggonta ce, ƙanwar ubanta. A gidan nake zaune da keken ɗinkina, don haka komai a kan idona aka yi.

Yaya, uban Auta, direban babbar mota ne, kuma shi duk matsalar duniya a ganinsa tsaraba ce maganinta. Wannan karon ɗan kwikwiyo ya shigo da shi cikin kwali, ja, kunnuwa a kwance, ko yaye ban jin an yi masa. Na ce, "Yaya, majinyaci ɗaya bai ishe mu ba?" Ya ce na cika surutu. To, Auta dai ta yi dariya ran nan, karon farko tun kwanciyarta, sai na ja bakina na tsuke.

Kwikwiyon ya ƙi cin komai. Madara, kifin gwangwani, ruwan nama, sai ya sansana ya koma ya lafe a kan ƙyallayen da na shimfiɗa masa, hanci a bushe. Auta ta zauna gaban kwalin ta ture farantinta.

"In bai ci ba, ni ma ba zan ci ba."

Taurin kai kuwa a gidanmu gado ne. Yaya ya ce in gari ya waye bai ci ba, zai kai shi wurin likitan dabbobi kafin ya kama hanya. Gari ya waye, kwano tas. Yaya ya ce, "Ba na faɗa muku ba? Baƙunta ce." Ya saɓi jakarsa ya tafi. Auta ta ci rabin burodi da ƙwai, har da neman ƙarin shayi.

Washegari na kama Anti, matar Yaya kuma uwar Auta, a bayan kicin. Ta tuttule madarar a magudana, tana share kwanon da yatsa don ya yi kamar an lashe.

Na ce, "Anti, ki ji tsoron Allah. Dabbar nan ba ta da lafiya, a kai ta asibiti."

"Ki kai shi, ta gane bai ci ba, ta koma gidan jiya? Ke ba ki kwana a gefen gadon nan kina kallon allura a hannunta ba." Ta riƙe min hannu. "Don Allah, Gwaggo, ki bari ta ɗan yi ƙarfi tukuna."

Raina ya ɓaci, amma tausayinta ya fi ƙarfina. Na sayo sirinji ina ɗura masa madara a ɓoye, yana dawo da ita ta gefen baki. Ita kuwa Auta, ganin kullum kwano na wayar gari fayau, sai ta dinga ƙara masa. Yau rabi, gobe har baki, ta marmasa masa burodinta a kai. Kumatunta suka fara dawowa. Shi kuma ana iya ƙirga haƙarƙarinsa daga bakin ƙofa, in Auta ta tambaya, sai uwarta ta ce ƙoshi ne ya sa shi barci.

Ranar da ya kasa ɗaga kai, na jira Auta ta yi barcin rana na sungumi kwalin. Likitan dabbobi ya ɗora shi a kan teburin ƙarfe, ya tsunkuli fatar wuyansa ya saki, fatar ta tsaya cak yadda ya bar ta.

"Yaushe rabonsa da abinci?"

Ya nemi jijiya ya sa masa ruwa, amma ledar ba ta kai rabi ba kwikwiyon ya daina numfashi. Ya ce da an kawo shi tun farko, ƙila da ya tashi.

Na dawo hannu rabbana na tarar Auta ta farka, tana tsaye inda kwalin yake. Ban iya ƙarya ba, na faɗa mata. Ba ta yi kuka ba, kuma hakan ya fi tsorata ni. Da yamma Anti ta kawo mata shinkafa da kifi, ta kalli farantin ta ce, "Ni na kashe shi, ko Gwaggo? Na yi ta cika masa kwano yana cinyewa, cikinsa ɗan ƙarami. Abinci ne ya yi masa yawa."

Ta ture farantin har ya bugi ƙafar kekena.

Na dubi Anti. Maganar da za ta warware wannan guda ɗaya ce, kuma ba a bakina take ba. Ta durƙusa gaban 'yarta, ta faɗa mata komai: bai taɓa ci ba, ita ce ke zubarwa.

Auta ta dube ta.

"Ashe yunwa yake ji, Mama, ni ina ta ci a gabansa?"

Shinkafar ta huce a inda take, da na gaji na ɗauke.