Rigar Shiga Gari

Ruwan da aka sheƙa a Abijan cikin watan Yuni na shekarar nan shi ya nemi cinye wa Mansur hutunsa tun bai ɗanɗana ba. Yana da wata tsohuwar mota da yake bai wa direba yana woro-woro da ita, wato tasin nan da ake haɗa fasinja. Direban ya iso mahaɗar Indénié ya tarar ruwa ya kai gwiwa, ya ce ai shi gwani ne, ya danna hancin mota ciki. To, gwani dai da iyo ya fito, mota kuwa ta kwana tana shan laka. Makaniken da ya buɗe injin sai da ya gama kaɗa kai sannan ya faɗi kuɗin gyara, Mansur ya nemi benci ya zauna.

Bai gama farfaɗowa ba takardar kuɗin ruwa ta iso. Gidan da suke zaune a unguwar Bromakoté na haya ne, tsakar gida ɗaya, famfo ɗaya, kuma mitar da sunan mahaifinsa take, marigayi Malam Kailu, don shi ya fi kowa daɗewa a gidan. Ashe wata da watanni bututu ya fashe a ƙarƙashin siminti yana ta shayar da ƙasa ba wanda ya sani. Kuɗin da aka rubuto, wallahi ko gidan wanka suka buɗe ba su sha ruwansa ba. Maƙwabta kowa ya zo ya leƙa takardar, ya yi salati, ya ce Allah ya kyauta, ya ja ƙofarsa. Ai ba sunan ubansu ke jiki ba.

Hutun kuwa ba na shan iska ba ne kawai. Mansur ma'aikaci ne a wani ofishin masu fitar da kaya daga tashar jiragen ruwa ta Treichville, kuma ya daɗe yana lallaɓa maigidansa kafin ya sakar masa watan Agusta, daidai da babban hutun makaranta. Ya yi alkawarin kwashe gidan kakaf, da matarsa Zalihatu, da 'yarsu Laila, da mahaifiyarsa Inna Rahamatu, su tafi Dogondutse can Nijar. Shi haifaffen unguwar Adjamé ne a nan Abijan, Faransanci ya fi Hausa zama a bakinsa, garin iyayen nasa a labari kawai ya san shi. Inna kuwa tun da ta biyo mijinta Abijan da ƙuruciyarta ba ta sake taka shi ba. Cikin duk waɗanda ta baro mutum ɗaya ta rage da rai, yayarta Tsahara, kuma direbobin da ke kawo albasa sun ce idonta ya tafi, ƙafa ma ta fara ƙi. In ba a je bana ba, kowa ya san da wuya su sake jin muryar juna, amma ba mai faɗa.

Zalihatu mace ce mai lissafi, ba ta da mugun nufi. Ta ce ita ba ta ce a fasa ba, ba ta kuma ce a tafi ba, amma ya duba: motar nan ita ke cefanen gidan, ruwa kuma in aka yanke, matan gidan nan da bakinsu za su cinye ta ɗanya. Abin da ya tara na tsaraba shi zai toshe ramukan nan biyu. In ya toshe su, da me zai shiga garin da ake ganin duk wanda ya fito Abijan da shebur yake kwasar kuɗi? Ta ce gari ba gudu zai yi ba, ga baɗi nan tafe.

Kalmar nan ta baɗi ita ta tsaya masa a wuya, don da ita aka rene shi.

Malam Kailu ɗan kasuwar albasa ne, kuma bai taɓa rasa kuɗin mota zuwa gida ba. Tsaraba ce ta riƙe shi. Ya ce mutum ba ya shekaru a Abijan ya shiga gari hannu na dukan cinya. Ya sayi wata ƙatuwar adaka ta ƙarfe, duk shekara yana jefa turmin atamfa ko shadda a ciki, kowanne da mai shi. Sai dai duk shekarar da ta ƙaru, kunyar ma ƙaruwa take, don tsarabar wanda ya shekara goma ba ta wanda ya shekara ashirin ba ce. Kuma ko yaushe aka ɗaura niyya sai wani abu ya faɗo: yau gobara a rumfa, gobe asibiti, daga ƙarshe kuɗin sefa ya karye, komai ya ninka. Sai Malam ya zo ya tsaya bakin ƙofar Inna, ya kai hannu ƙeya yana sosawa, ya ce baɗi in Allah ya yarda. Har riga ya ɗinka, shadda mai ruwan toka da aiki a wuya, wadda ya ce da ita zai shiga gari. Bai taɓa zura ta ba ko sau ɗaya. Yana can kwance a maƙabartar Williamsville ta Abijan, tsakanin mutanen ƙabilun Dioula da Mosi.

Mansur yana saurayi ya tsani sosa ƙeyar nan, har a ransa yana raina tsohon. Ya rantse shi ba zai yi haka ba. Amma da ya sa ranar tafiya, abu na farko da ya yi shi ne ya kai wa tela shadda fara, ya ce a yi masa aiki mai kyau a wuya. Bai ma lura da abin da ya yi ba.

Kwana da kwanaki yana juya maganar. A gada, cikin bas ɗin da ke tsallakar da shi zuwa Treichville, sai ya yanke za a tafi. Kafin ya sauka ya warware. Laila kullum sai ta tare shi a ƙofa da «Papa, on part quand?», wato yaushe za a tashi, shi kuma ya shafa kanta ya wuce. Inna ba ta tambaye shi komai ba, wannan kuma ya fi tambayar ciwo.

Ranar Lahadi rana ta fito tarwai, karo na farko tun da aka shiga ruwan nan. Ya je gareji da hantsi, makanike ya ƙara masa wani sabon lissafi a kan na da, nan ya gama yanke shawara. Ya kamo hanyar gida yana tsara yadda zai faɗa wa Inna a hankali.

Tun daga zaure ƙamshin kafur ya buge shi. Da ya leƙa tsakar gida sai ya ja ya tsaya.

Inna ta buɗe adaka. Ka san damshin Abijan, tufafi in aka bar su a rufe funfuna ke cinye su, shi ya sa duk bayan ruwa take fitar da kayan ta shanya. Ya sha ganin haka tun yana yaro, bai taɓa tsayawa ya kalla ba. Yau kuwa igiyoyin gidan duka ta cika su, daga ƙofar maƙwabciyarsu Madam Awa har bakin famfo. Atamfofi ne irin na da, waɗanda ko a kasuwar Adjamé an daina ganin zanensu, kowanne da farin layi a inda aka ninke shi shekara da shekaru. Iska na ɗan kaɗa su, suna matsowa suna komawa. Gidan da ba ya rabo da hayaniya ya yi tsit, kowa ya tafi coci ko kasuwa.

Inna na zaune a kujerarta 'yar tsugune, Laila na yi mata miƙo. Ba ta kiran kayan da zane ko turmi, da sunan masu su take kiran su. Ya ji tana cewa a ɗaga mata Fadimatu, rana ba ta samun ta. A matsar da Baba Ya'u kusa da Balaraba, dama ba sa rabuwa. A kakkaɓe Sakinatu. Mansur ya san sunayen nan, don shi ne ya riƙa zuwa karɓo saƙon rasuwarsu ɗaya bayan ɗaya a wurin direbobi. Tsakar gidan cike take da mutane, kuma in ka cire shuɗin turmin nan na Tsahara da ke can gefe, babu mai rai ko ɗaya a cikinsu. Tsikar jikinsa ta tashi, ga rana tsaka, ga zafi, amma sanyi yake ji.

A igiyar tsakiya an zura rigar Malam Kailu ta hannuwa, ta buɗe su kamar mai jiran a rungume shi. Kusa da ita, kafaɗa da kafaɗa, wata farar riga ce sabuwa fil, ita ma a buɗe. Sai da ya ƙura mata ido sannan ya gane tasa ce.

Ya ƙarasa ya durƙusa ya gaishe ta. Ya buɗe baki zai fara, sai ya ga ba fuskarsa take kallo ba, hannunsa take kallo. Ashe hannun ya riga shi, yana can a ƙeya yana sosawa.

«Na sani,» in ji Inna. «Allah ya kai mu baɗin.»

Ba fushi a muryarta, ba kuka. Da ma ta yi faɗa da ya fi masa sauƙi. Amsa ce da ta daɗe da haddacewa, ta miƙo masa ita kamar yadda ake miƙa ruwan alwala. Ta ce tun ranar da ta ji labarin mota ta karɓi rigarsa wurin Zalihatu ta sa mata kafur, don shadda fara ba ta jure damshi. Daga nan ta juya wurin Laila ta ci gaba da abin da suke yi, tana magana a hankali don yarinyar ta gane Hausar. Ta ce mata ta riƙe da kyau, ba a shanyawa da sassafe, sai raɓa ta ɗauke, ba a kuma barin su su wuce la'asar.

«In ba na nan, ke za ki riƙa fitar da su. Wannan ta kakanki ce, wannan ta babanki. Tare za ki riƙa juya su.»

Laila ta gyaɗa kai, ta maimaita da gurɓatacciyar Hausarta, ta kakanta, ta babanta, tana nuna su da yatsa.

Tsoro ne ya kama Mansur, tsoro sosai, irin wanda bai ji ba ko ranar da aka sa mahaifinsa a rami. Ya ga Laila ta tsufa a kujerar nan, a tsakar gidan nan, tana cewa wata yarinya ta ɗaga mata Mansur, rana ba ta samun sa. Ya kuma gane, a makare, cewa tsohon da ya raina ba rago ba ne. Duk shekara yana da hujja mai kyau, irin wadda shi ma yake da ita yau a aljihu. Ya miƙe ya ratsa ta tsakanin zannuwan suna shafar fuskarsa, ya shige ɗaki.

Washegari ya kwashi kuɗin tsaraba ya biya ruwa. Ya je ya ce wa makanike ya ɗora motar a kan duwatsu, sai ya dawo. Farar rigar ya mayar wa tela ya sayar masa, ya cika kuɗin tikiti. Zalihatu ta riƙe haɓa ta tambaye shi, to Baban Laila, me za a kai wa mutane? Ya ce ga adaka nan, wanda ya mutu ai ya bar 'ya'ya. Ta ce za a yi musu dariya, a ce mutanen Abijan sun zo da atamfar zamanin da, mai layin ninki. Ya ce a yi. Ba wai bai ji kunyar ba ne, ya ji ta har cikin ƙashinsa, kuma bai san abin da za su ci ba in sun dawo ba mota. Zalihatu ta yi kwana biyu tana amsa masa da ƙyar, rana ta uku ta fara soya nama na guzuri.

Inna kuwa ba ta yarda ba. Da ya nuna mata tikiti sai ta ce to, madalla. Ba ta yi sallama da kowa a unguwa ba, ba ta yi kitso ba, har garin kunun sati mai zuwa ta sa aka niƙo mata.

Ranar tafiya matan suka riga shi zuwa tasha da kaya, shi ya tsaya rufe ɗakuna. Rigar Malam Kailu tana kan gado, Zalihatu ta bar masa ya sa a jakarsa, ya zura in sun kusa gari. Ya ɗauka zai ninke, sai ya ji ba zai iya sake sa ta cikin wani abu mai murfi ba. Ya zura ta a nan take. Ta zauna masa cif, kafaɗa da tsawo, kamar shi aka auna. Bai kalli madubi ba.

Tashar Adjamé tana yadda ka san ta, laka, hayaƙi, 'yan kamasho na fizgar mutane. Ya hango ƙarti suna ɗaga adakar zuwa saman bas suna zagin nauyinta. Inna na zaune a benci kusa da ƙofar motar, ƙullin goronta a cinya. Ya nufo ta cikin taron, ƙamshin kafur na tafe a gabansa.

Ta ɗago ta gan shi. Ta daɗe tana kallo. Sannan ta ja mayafinta ta rufe rabin fuska, ta sunkuyar da kai, abin da bai taɓa ganin ta yi wa kowa ba sai mutum ɗaya.

«Malam,» ta ce a hankali, «yau dai ka tashi?»

Ko ruɗewa ta yi, ko tana sane, har yau Mansur bai sani ba. Ya so ya ce Inna ni ne. Muryar da ta fito ta fi tasa kauri.

«Na tashi. Ki yi haƙuri, na daɗe.»

Ta goge ido da bakin mayafi, ta matsa gefe a bencin ta ba shi wuri.