Shayin Hajjo a Kofin Asibiti

Ku bar Hajjo da taurin rai. Ciwon kalazar, zazzaɓin nan mai kumbura saifa, ya kwantar da matar nan damina guda, ta tashi ƙashi da fata, kunnuwanta sun tafi sun bar mata wani ƙugi kamar tarakta tana huɗa a nesa, amma ko mako ba ta yi ba ta koma ta kafa murhunta a bakin kasuwar riɗi ta Gadarif. Mai son shayi ta miƙa masa jabana, wato gahawa, mai son jabana ta miƙa masa zoɓo. 'Yan dako suka gaji da gyara, suka koma nuni da yatsa.

Murya ɗaya ce take shigar ta sosai, ta 'yarta Ummusalama, in ta kafa baki a kunnenta na hagu ta ɗaga harshe. Ummusalama 'yar fari ce, don haka Hajjo ba ta taɓa kama sunanta ba, sai dai "ke" ko "yarinyar nan". Yarinyar nan kuwa ta doshi shekara goma a ɗakin miji, ko ɓatan wata ba ta taɓa yi ba. Ta sha sassaƙe, ta sha rubutu, ta sha habaicin dangin miji har ya ishe ta.

To, ga abin da Hajjo take ɓoyewa a ƙarƙashin tob ɗinta, mayafin nan da take naɗe jiki da shi. Ita da ta haura arba'in da nisa, mai furfura a goshi, wadda autanta ya fara tsirar gemu, ciki gare ta. Da fari ta ɗauka girma ne ya ɗauke mata al'ada. Sai ƙamshin gahawar da take soyawa ya soma tayar mata da zuciya, ta san ta faru. Ko maigidanta Harun, da yake can Fashaga wajen yankan riɗi, bai sani ba. Kunya ta hana ta sakat. Da wane ido za ta kalli yarinyar nan? 'Ya tana roƙon Allah ɗaya tal, uwa gotai-gotai ta zo ta tsallake ta!

Ana cikin haka Ummusalama ta zo mata da murna. Ta ji a asibiti cewa likitoci suna gwada wani sabon magani a kan waɗanda jinya ta taɓa musu ji, amma ba kowa ake ɗauka ba, sai an tantance mutum tukuna.

"Na sa sunanki, Inna!" ta faɗa mata a kunne. "Gobe za mu je!"

Hajjo ta nemi dalilin ƙi, ta rasa wanda ba zai tona ta ba. Kuma a gaskiya tana so. Tana kewar kiran salla, tana kewar tsegumin 'yan kasuwa, har kukan jakin maƙwabta da take zagi a da tana kewarsa. Ta cika ɗan fulas da shayi saboda zaman jira, suka hau raksha mai ƙafa uku.

Zauren asibitin ya cika da masu irin lalurarta, kowa da ɗan rakiyarsa. Likitar wata matashiya ce, Diktora Tasnim, ta leƙa kunnuwan Hajjo da 'yar fitila, ta sa ta a wani ɗan ɗaki, aka ɗora mata abin sauraro a kai, aka ce ta ɗaga hannu duk sanda ta ji ƙara. Ta ji wasu, da yawa sun wuce ta. Likita ta yi murmushi ta yi magana, Ummusalama ta isar: irin kunnenta ake nema daidai.

Sai wata ma'aikaciya ta miƙo ɗan kofin roba.

"Fitsari, Inna!" in ji Ummusalama. "Duk mace sai an duba ko da ciki, don ba a san abin da maganin zai yi wa ɗan tayi ba!" Ta yi dariya. "Na ce musu ke ai kin wuce nan, suka ce ƙa'ida ce!"

Hajjo ta karɓi kofin. Ta shiga banɗaki ta kulle, ta tsaya riƙe da kofi. Ta ji maganar ɗan tayin nan sarai, kar wani ya ce ba ta ji ba. Amma kunya ta fi ƙarfin hankalinta. Ta tari ruwan famfo, ta buɗe fulas ta ɗiga shayi, ta ɗaga ta duba, ta ƙara ɗigo guda. Wadda ta tsufa a sana'ar shayi ai ba za a koya mata launi ba.

Launi kam ya yi. Ƙamshin ne ta manta. Ma'aikaciyar ta buɗe kofin, ta yamutsa fuska, ta miƙa wa likita. Kanumfari da citta suka gauraye ɗakin. Ummusalama, wadda ta tashi a gindin murhun nan, ta dubi kofin, ta dubi fulas, ta kasa gane komai. Likita ta ce mata ta ɗan jira a waje.

Da suka rage su biyu, Diktora Tasnim ta matso ta yi magana a hankali, Hajjo ba ta kama ko kalma ba. Sai likitar ta ɗora tafi a kan cikinta, ta ɗaga gira. Hajjo ta sunkuyar da kai, ta ɗaga yatsu uku, wata uku ke nan. Wallahi da ƙasa za ta tsage a lokacin, da gudu za ta shige. Yarinya sa'ar 'yarta ta kama ta tana ha'inci da shayi kamar ƙaramar yarinya. Likitar ta riƙe hannunta, ta girgiza kai: ba za a ɗauke ta ba.

Suka fito zaure tare. Ummusalama ta tare likita tana tambaya, likita ta ce mahaifiyarta ce kaɗai za ta iya gaya mata dalili. Nan fa yarinyar nan ta rikice. Hajjo ba ta jin abin da take cewa, amma tana gani: ta durƙusa a gaban jama'a, ta kama gefen rigar likita, hawaye sharkaf, tana nuna kunnen uwarta tana magiya. Hajjo ta kasa jurewa. Ta sunkuya ta kama kafaɗarta, da niyyar ta raɗa mata. Amma wanda ba ya jin muryarsa bai san awonta ba.

"Ke, tashi. Ciki gare ni!"

Rabin zauren kurame ne, amma 'yan rakiyarsu ba kurame ba ne. Kawuna suka juyo. Wata tsohuwa ta rufe baki da tob, wani dattijo ya shiga gyaran rawaninsa da ba abin da ya same shi.

Ummusalama ta miƙe a hankali. Ta daɗe tana kallon cikin uwarta. Leɓɓanta suka motsa, Hajjo ba ta ji ba. Sai ta matso ta kafa baki a kunnen hagu kamar kullum.

"Na ce Allah Ya raba lafiya, Inna! In kin yaye shi, ki ba ni riƙo! Ni zan goya!"

Hajjo ta shirya wa fushi, ta shirya wa gori, ba ta shirya wa wannan ba. Ta zauna a kan benci. Ummusalama ta zauna kusa da ita, ta karɓi fulas ɗin daga hannunta, ta juya shi tana kallo. Can ta sake matsowa kusa da kunnenta.

"Inna, da kofin nan ya wuce, suka ba ki maganin, da kin sha?"

Wannan tambayar ta shiga kunnen Hajjo tas, ba ƙugi ba komai. Ta ja tob ta rufe fuskarta har haɓa.

"Me kika ce?" in ji ta.

Ummusalama ba ta maimaita ba.