Bututun Baba Jatau

Ana cikin kwarara nono a gindin katangar da aradu ta tsaga, Baba Jatau ya lura babu wanda ya ce masa sannu. Karo na biyu ke nan da aradu ta faɗa masa gida a damina ɗaya. Mutumin da ya ga yunwa, ya ga sanƙarau, kura ta cije shi ta bari, yau shi ake kallo ta wutsiyar ido a Karakkai.

Dalili kuwa sananne ne. Da bazara ya rantse da kwarankwatsa a gaban mai gari cewa maƙwabcinsa Tukur ne ya ci masa iyakar gona. Yanzu ko a masallaci ana barin gurbi tsakaninsa da mutane.

'Yarsa Habiba ta ɗauko Emmanuel, mai gyaran rediyo a Gusau. Mutumin bai ko dubi katangar ba. Sama ya duba, inda Jatau ya kafa dogon bututun ƙarfe don rediyonsa ta kamo labaran duniya.

"Baba, wannan ke kiran aradu. Duk abin da ya fi tsawo take nema, balle ƙarfe."

"Wa ya aiko ka?" in ji Jatau. "Aradu na da ido ne? Ni ban shiga aji ba, amma ba a taɓa yi mini wayo ba."

"Sauke shi ka gani."

Labari ya kai wa Tukur, ya yi dariya a bakin masallaci. "Ƙarfe! Rantsuwa dai ta kama mai ita."

Jatau bai yarda da mai rediyo ba, bai kuma yarda da dariyar ba. Ranar Juma'a hadari ya haɗo daga gabas. Ya sauke bututun, ya saɓa shi har ƙofar gidan Tukur, mutane na biye.

"Malam Tukur, kyauta na kawo maka. Rediyonka na shaƙewa. Tunda ƙarfe ba ya kiran komai, bari in kafa maka da hannuna."

Tukur ya dubi sama. Aka yi cida can nesa.

"Kai, Jatau! Da iyali a ciki! Fitar mini da shi!"

Jatau ya ajiye bututun a ƙasa, ya nufi masallaci. Da aka tayar da la'asar, kafaɗar wani ta taɓa tasa a sahu.