Ƙugiyoyin Injin Baba

Duk wanda ya ce maza ba su da kishi bai taɓa zama a shagonmu ba. Maza uku ne a ciki, dukansu kafintoci: Baba, Yaya, da mijina. Ni kuwa kushin nake ɗinka wa kujerun da suke haɗawa, a lungun taga, inda babu abin da ke wuce idona.

A tsakiyar shagon akwai injin zarto mai tebur, kuma Baba ya fi ji da shi a kan mu 'ya'yansa. Da hannunsa ya fara rawa saboda tsufa, sai ya ce kafin ƙarshen wata zai danƙa injin ga mutum ɗaya, wanda zai riƙa kunna shi yana kula da shi. Yaya ya ɗauka zancen ya ƙare, tunda a gindin injin nan ya yi gemu. Mijina bai daɗe da shigowa ba, ko sa rai bai yi ba.

Injin yana da wani dogon ƙarfe da ake jingina katako a jikinsa idan ana yanka, Baba na kiransa katanga. Idan za a fafe gefen katako, dole faifan zarton ya matso har ya kusa shafar katangar. Don haka ake manna mata wani allo a fuska, zarto ya ci allon ya bar ƙarfen. Allon fansa muke ce masa. Matsalar ita ce riƙe shi. Baba ya hana a huda katangarsa, manyan abubuwan matsewa na kasuwa kuwa sai su tsaya ƙiƙam a hanyar katako. Haka Yaya ya yi ta fama da su yana tsaki tun ina 'yar makaranta.

Wata safiya mijina ya tsinci guntun rodi mai zare, ya yanka biyu, ya lanƙwasa kan kowanne ya zama ƙugiya. Ya huda ramuka biyu gajeru a saman allon, ya zura ƙugiyoyin, ya ratsa wutsiyarsu ta cikin 'yan guntayen katako a bayan katangar, ya ɗaure da noti. Allo ya kame ƙam, fuskarsa sumul, babu abin da ya tsaya a hanya. Aikin ko kyau bai yi ba, tsakani da Allah, guntayen duk a karkace.

Baba ya zo ya girgiza allon, ya ƙara girgizawa, ya tsuguna ya leƙa. Sai ya dafa kafaɗar mijina ya ce, “Kai, yaron nan akwai kai.”

Na dubi Yaya. Gudumar hannunsa ta tsaya a sama. Yaya ya haɗa gadaje da ƙofofin da ba su ƙirguwa a shagon nan, kuma abin da ya fi ji daga bakin Baba shi ne ba laifi. Na ji tausayinsa, amma dariya ma ta so kama ni.

Daga ranar ya daina amsa gaisuwar mijina da baki, sai da ka. Ya ce mini guntun rodi ne kawai, ko makaho ya lalubo dabarar. Na ce ai shi ya sa na yi mamaki da masu ido suka daɗe ba su gani ba. Ya yini bai kula ni ba.

Sai ya shiga yin nasa. Ya samo katako mai tauri mai kyan launi, ya goge har yana ƙyalli, ya sassaƙa wa notin 'yan marufai na katako don a riƙa juyawa da hannu. Har allon fansar, wanda aikinsa a cinye shi a yar, sai da ya shafa wa mai. Kuma don nasa ya fi ƙarfi, ya huda ramukan da zurfi, ya yi wa ƙugiyoyin dogayen baki har suka kusa kai ƙasan allon. Mijina ya hango, ya matso a hankali ya ce, “Yaya, da an ɗan rage tsawon bakin nan.”

“Ka koma kan bencinka,” in ji Yaya. “Ba a koya mini injin ubana.”

Ya kira Baba ya zo ya gani. Ya cire na mijina ya jefa a kwandon tarkace, ya ɗaura nasa, ya kunna inji, ya fara ɗago faifan a hankali cikin allon. Dusar katako ta yi ta tashi, Baba yana kallo. Can sai muka ji ƙara, tartsatsi ya tashi, wani abu ya daki kwanon rufi. Faifan ya iske bakin ƙugiya a cikin allon. Da injin ya tsaya, haƙoran zarton da dama sun zube. Garin neman gira an rasa ido.

Allah ya kiyaye, ba wanda ya ji ciwo. Baba ya shafa faifan da yatsa. Yaya na tsaye gumi na ɗiga daga gemunsa, ni kuwa na tabbata injin ya kuɓuce masa, kuma ban so mijina ya same shi ta wannan hanya ba.

Baba ya laluba aljihu ya fito da makullin akwatin wutar injin, ya miƙa wa Yaya.

“Dama naka ne,” ya ce. “Ban taɓa tunanin ba wa wani ba. Ka sa sabon faifai, ka mayar da ƙugiyoyin ƙaninka, kada in sake ganin an cire su.”

Ya juya ya tafi bencin mijina, ya tambaye shi ko dabarar nan za ta yi a kan injin hudawa, suka sunkuya suna zane da fensir a jikin katako. Yaya ya durƙusa gaban kwandon tarkace, makulli a hannu ɗaya, yana tona da ɗayan. Ya samo su, ya hure musu ƙura, ya ɗaura su a katangar. Yana juya notin yana kallon bayan Baba, Baba bai waiwayo ba.