Katangar Kwano

Shekara uku ke nan da kan Malama ya fara zubar da abubuwa. Sunayen ɗalibanta ne suka fara tafiya, sai hanyar kasuwa, daga baya har 'ya'yan da ta haifa. Abu ɗaya ya rage mata, jajayen furannin da ta shuka da hannunta a gindin tagar ɗakinsu. Kullum da safe sai ta fito tana jan silifas, ta tsaya a kansu, ta tsinke busasshen ganye, ta shafa wannan ta shafa wancan. Sannan ta waiwayo ta ga mijinta, ta gane shi, ta ce, "Kafinta, ka sha shayi kuwa?"

Haka take kiransa tun suna da ƙuruciya, don tsokana. Shi kuwa a kan wannan tambayar yake rayuwa. Ran da ruwa ya hana ta fita, wuni take tana kallonsa kamar baƙon da ya ƙi tafiya.

To, bana sai ruwan ya ɗauke da wuri, dajin bayan gida ya bushe ƙamas, wata gada ta gano gidan. 'Yar ƙarama ce, haƙarƙari duk a waje, amma wajen ɓarna ba ta da tausayi ko kaɗan. Ba ta taɓa ganye, furen da ke shirin buɗewa take bi tana gutsurewa. Kafinta ya jiƙa barkono ya fesa, ta ci abinta. Ya rataya gwangwanaye a igiya, kwana biyu ta saba da ƙarar. Ya kewaye wurin da ragar waya, 'yar banzar ta tsallake kamar ana biyanta. Furanni goma sha ɗaya suka koma huɗu.

Auta ta yi waya ta ce ya kawo Mama wurinta, ga asibiti kusa, ga mai kula da ita. Ya ce mata Mama ba kaya ba ce da za a ɗauka a ajiye, ya kashe wayar. A ransa tsoro ne fal, don ya san in aka raba ta da tagar nan shi ma an raba ta da shi.

Ana cikin haka zazzaɓi ya kwantar da Malama. Kafinta ya ce to, ga dama. Ya jawo ragowar kwanon rufin da ke jingine bayan shagonsa, ya haƙa ramuka, ya kafa katako, ya buga kwano ya fi tsayinsa. Kuma ka san kafinta, idonsa ba ya jure ganin bango ba rufi. Ya tuna tsallen gadar, ya ɗora kwano a sama, ya bar 'yar kafa kamar tafin hannu wai don haske. Ya yi ƙofa, ya sa sakata. Aiki ya yi kyau, wallahi ko ɓera sai ya nemi izini.

Kwana biyar yana bakin gadonta, yana jiƙa tsumma yana ɗora mata a goshi. Da sassafe yakan zura tiyo ta ƙarƙashin kwanon ya saki ruwa, ya dawo da sauri. Sau biyu ya ga sawun gadar ya zagaye katangar ya koma, har ya yi dariya shi kaɗai.

Rana ta shida, wajen azahar, Malama ta tashi da kanta ta nemi silifas. Ya riƙe mata gwiwar hannu suka fito. Ta tsaya inda ta saba tsayawa, ta ga kwano yana ƙyalli, ta daɗe tana kallonsa. Ya zare sakatar, yana ce mata ga su nan, babu abin da ya taɓa su.

Zafin da ya bugo su daga ciki kamar an buɗe murfin tukunya. Furannin huɗu sun lanƙwashe sun yi baƙi, ganyen ya dahu ya zube a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa. Gada ba ta ci ko ɗaya ba.

Malama ta miƙa hannu ta taɓa wani reshe, ya ɓalle a yatsunta. Ta duba tagar, ta duba tsakar gidan. Sannan ta zare hannunta daga nasa a hankali, ta gyara mayafinta, ta dubi guduma da kusoshin da ke zube a ƙasa.

"Sannu da aiki, bawan Allah," ta ce, cikin ladabin da take yi wa baƙi. "In ka gama, don Allah ka kira min mijina ya mayar da ni gida."

Ya ce to. Ya raka ta ta zauna a inuwa, ya dawo ya ɗauki guduma ya fara zare kusoshin ɗaya bayan ɗaya, yana kuka. Tana daga zaune tana kallon ƙofar gida.