Gashi Ɗaya Aka Yi wa Ɗan Baba

Ɗan Baba masunci ya yi sallama da mutanen Madarumfa a kan zai yi sati biyu a asibiti a Najeriya. Ran kwana na huɗu sai ga shi ƙanensa Usman ya dawo da shi. Ciwon daji ne ya ci har ya kai ƙashin ƙugunsa, aka tura shi a gasa wurin da na'ura ko zafin ya kwanta.

Matarsa Ɗelu ta tare Usman a zaure. "Sau nawa aka yi mashi?"

"Sau ɗaya."

"Ɗaya? Adamu na Safo goma aka yi mashi."

"Lokotoron asibitin ya ce ƙa'idarsu ce. In don kashe zafi ne, ɗaya daidai yake da goma."

"To mi ya sa aka yi wa Adamu goma?"

Usman bai sani ba. Bai tambaya ba, kuma wannan sakaci ne.

A garin nan da yawan allura ake auna magani. Ko zazzaɓi ne, in ba a yi wa mutum biyar ba sai ya ce an raina shi. Kowa kuma ya san abin da ake nufi in asibiti ya sallami mara lafiya da wuri. Kafin la'asar gidan ya cika da masu neman gafara. Ɗan Baba yana kwance yana yafewa, yana duban Usman.

"Kai, gaya mani gaskiya. Magani aka yi mani ko koro ni aka yi?"

"Magani ne, Yaya. Amma ya ce ba warkewa ba ce."

"To wane iri ne ke nan?"

Kwana uku zafin ƙaruwa ya yi. Usman ya ce an gaya masa za a yi haka, ba wanda ya saurare shi. Ɗelu ta ce sai an koma an cika sauran taran. Ɗan Baba abu guda yake tsoro, kada ya mutu a hanya, a binne shi inda ba wanda zai san kabarinsa. Ya faɗa, aka ce ciwo ne ke magana. Haka mutane suke, su yi ta son mara lafiya amma ba su jin abin da yake cewa.

Ran kwana na goma sha biyu da hantsi motar da za ta mai da su asibiti ta tsaya a ƙofar gida. Ɗelu ta shiga ɗaki, tabarma ba kowa. A bakin tafki aka same shi, sanda a gefe, yana ɗinkin koma. Wata uku rabonsa da taka ƙasa.

Ɗelu ta daɗe tana kallonsa. "Ka gani ko, Malam? Ɗaya ke nan. Ina ga goma?"

Usman ma tambayar ta shige shi.

"Adamu yana ina yanzu?" in ji Ɗan Baba.

"Allah ya ji ƙansa," in ji Ɗelu.

"A ina aka binne shi?"

Ɗelu ta sani. Can aka binne shi, a ƙasar mutane.

Ɗan Baba ya ja zare da haƙori. "Usman, je ka sallami mai mota. In ka dawo ka riƙe mani bakin komar nan."